Kafin Ka Kafa Turke: Yadda Ake Neman Izinin Buɗe Makarantar Koyon Hawan Doki a Cikin Unguwa

Ajiye doki a tsakiyar gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya san lungunan tsohon birnin Kano, ko Katsina, ko Zariya, ya san gidajen da ake jiyo haniniya tun daga zaure, turke a kafe tun zamanin kakanni, maƙwabta kuma sun tashi sun tarar da abin haka. Wannan sabon shi yake yaudarar mai son buɗe makarantar koyon hawa. Yakan ɗauka tunda Alhaji wane yana da dawaki uku a gidansa ba wanda ya tambaye shi takarda, shi ma zai iya zuba shida a kangonsa, ya rataya allo a ƙofa, ya fara karɓar kuɗin iyayen yara. A wurin hukuma kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban. Mai barga a gidansa mutum ne da dabbarsa. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, mai tara jama'a da motoci da 'ya'yan mutane a kan filin da gwamnati ta bayar don a gina wurin kwana.

Sana'ar tana da kasuwa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, wasan folo yana da tsohon tarihi a Katsina da Kano da Kaduna, ga kuma iyaye da yawa da suke son 'ya'yansu su iya zaman sirdi amma suna tsoron su bi 'yan kilisa a kan kwalta. Mai neman kuɗi ya hango daidai. Inda ake yin tuntuɓe shi ne jerin aikin: sai a fara da sayen doki, a bi da gini, a tuna da hukuma ranar da aka wayi gari aka ga jan fenti a jikin katanga. Ya kamata a juya jerin nan, doki ya zama abin da za a saya daga ƙarshe.

Me takardar filinka ta ce?

Ɗauko satifiket ɗin filin ka karanta shi da kyau, domin mutane da yawa suna da shi a akwati shekara da shekaru ba su san abin da ke ciki ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe ta amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga filin gida, kuma a jikin takardar an rubuta abin da aka ba ka filin domin sa: zama, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko noma. Wannan layi ɗaya shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Idan an rubuta zama ka buɗe makarantar doki, ka saɓa sharaɗin takardarka, kuma sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke haƙƙin wanda ya karya sharaɗin da ke cikin satifiket ɗinsa. Ba kullum ake kaiwa ga haka ba, amma makamin yana nan a rataye, maƙwabcin da ya san doka kuma zai iya nuna wa hukuma inda yake.

Saboda haka izini biyu kake nema, ba ɗaya ba. Na farko izinin canza manufar fili, daga zama zuwa kasuwanci ko wurin wasanni, gwargwadon rukunin da jiharku take amfani da shi. Na biyu izinin gini, wanda ya shafi barga, da rumfa, da katanga, da makewayi, da duk abin da za ka ɗora a kan ƙasa. A mafi yawan jihohi na farkon yana bi ta ma'aikatar filaye ne, ita kuma ta nemi ra'ayin masu tsara gari kafin ta amince. Na biyun aikin hukumar tsara birane ne kai tsaye: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, Sashen Kula da Gine-gine a Abuja. Bayanan filaye kuma suna wurin KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, can ne za ka tabbatar da cewa abin da ke hannunka ya yi daidai da abin da ke cikin kundinsu.

Kada ka ɗauki abin da abokinka ya yi a wata jiha ka ce haka za a yi maka. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, tarayya ikonta a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Kowace jiha da dokarta, da fom ɗinta, da kuɗinta, kuma kuɗin yana canzawa. Je ofishin da ƙafarka ka karɓi jerin abubuwan da suke buƙata a rubuce.

Wanda filinsa na awon igiya ne, ba shi da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, aikinsa ya fi tsawo. Sai ya fara shigar da filin cikin kundin gwamnati, domin ba a canza manufar filin da hukuma ba ta san da zamansa ba. Wanda kuma haya ya kama, ba shi da bakin neman canji sai da amincewar mai filin a rubuce, kuma ya dace yarjejeniyar hayar ta yi tsawon da za ta mayar masa da kuɗin gini. Hayar shekara ɗaya ba ta ɗaukar barga.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar rajistar kasuwanci ta CAC a matsayin izini. Rajistar nan suna kawai ta ba kasuwancinka. Ba ta ce komai a kan inda za ka yi shi ba.

Ɗauki awo kafin ka ɗauki fom

A nan ne burin mutane da yawa yake tsayawa, kuma gara ya tsaya a nan da ya tsaya bayan an kashe kuɗi. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 da 100, ya kama kimanin mita 15 da 30, wato murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Ƙaramin fagen koyar da hawa da aka amince da shi a duniya mita 20 ne da 40, murabba'in mita 800. Ka ga fagen kaɗai ya kusa cinye fuloti biyu, tun ba a zo kan inda dawakin za su kwana ba. Ko zagayayyen fagen da ake fara koya wa yaro a ciki, wanda malami yake tsayawa a tsakiya yana riƙe da doguwar igiya doki yana kewaya shi, yana son faɗin mita 15 zuwa 18. A fuloti ɗaya sai ya taɓa katangar dama da ta hagu.

Ɗakin doki ɗaya kuma ana so ya kai mita 3.6 ta kowane gefe, don ya iya juyawa ya kwanta ya tashi ba tare da ya makale ba. Dawakinmu sun fi na Turai ƙanƙanta, mun kuma saba da ɗaure su a turke ƙarƙashin rumfa, amma jami'in da zai duba zanenka zai so ya ga kowane doki da wurinsa, da tazarar da ɗaya ba zai harbi ɗan'uwansa ba. Ƙara da ɗakin ajiyar harawa da dusa, da na sirdi da linzami, da wurin wanka, da wurin tara taki, da ɗakin da za a ware doki marar lafiya, da makewayin maza da na mata, da inuwar da iyaye za su zauna, da wurin ajiye motocinsu. Sannan hukuma ba ta yarda a gina fili baki da baki ba. Akwai tazarar da dole a bari tsakanin gini da katanga, da tsakanin gini da titi.

A nawa lissafin, makaranta mai dawaki shida ba ta zama lafiya a ƙasa da fuloti huɗu zuwa biyar a haɗe. Wannan ra'ayina ne, ba ƙa'idar wata hukuma ba, amma duk wanda ya zauna da takarda da biro zai iso kusa da nan. Wanda yake da fuloti ɗaya a tsakiyar gidaje, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ya nemi fili a gefen gari.

Wajen filin ma ana dubawa. Fuloti na kan kwana, ko na bakin babban titi, ko wanda ya jingina da makaranta ko filin ƙwallo, ya fi saurin samun amincewa a kan wanda yake ƙuryar layi mai shiga ɗaya. Dalili a fili yake: ranar Asabar da hantsi motoci goma za su zo lokaci guda, ga motar harawa, ga ta kwasar taki. Idan layin bai wuce mota ɗaya ta bi ba, ka toshe wa mutane ƙofar gida ke nan.

Abin da doki yake bari a bayansa

Maƙwabci ba ya ƙin doki don doki. Abin da yake ƙi wari ne, da ƙuda, da ƙura, da ruwan da ke gangarowa. Takardar neman izinin da ta amsa waɗannan huɗun da alƙaluma ta yi rabin tafiya.

Doki mai nauyin kilo 450 yana fitar da kashi kimanin kilo 15 a rana, da fitsari kusan lita 9. Namu da ba su kai wannan nauyin ba za su ɗan gaza haka, amma yi lissafi da babban adadin: dawaki shida kilo 90 ke nan kullum, fiye da tan biyu da rabi a wata, ban da ciyawar shimfiɗa da ta jiƙe. Wannan tulin dole ya je wani wuri, kuma abin da hukuma da maƙwabta suke son ji shi ne ina, yaushe, wa zai ɗauka. A lokacin zafi ƙuda yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka takin da ya yi mako a jibge ya riga ya zama gidan haihuwa. A kwashe daga barga safe da yamma, a tara a wuri mai daɓen siminti da rufi, can nesa da katangar maƙwabci, a fitar da shi daga unguwar aƙalla sau biyu a mako. Abin daɗin shi ne takin doki ba shara ba ne. 'Yan lambu da masu sayar da shuke-shuke a bakin titi suna nemansa. Ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikinsu, a rubuta, a sa hannu, ka liƙa kwafinta a fayil ɗinka. Takarda irin wannan ta fi dogon alkawari na baki tasiri a gaban jami'i.

Fitsari ya fi kashi wahalar sha'ani, domin shi ne yake kawo warin da ke shiga hanci ya tsaya, shi ne kuma yake cin gindin katanga. Daɓen barga ya zama mai ɗan gangare zuwa magudana, magudanar ta zuba cikin ramin tsotse ruwa na cikin filinka, ba cikin kwatar unguwa ba. Ranar da ruwan wankan doki ya fito layi, ranar ka sami abokan gaba. Ka kuma auna nisan ramin da wurin takin daga kowace rijiya ko burtsatse, taka da ta maƙwabta. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin irin wannan wuri da ruwan sha, kuma a unguwar da kowane gida da rijiyarsa wannan sharaɗin kaɗai yana iya nuna maka cewa wurin bai dace ba.

Ruwan sha ma lissafi ne. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, a watan Afrilu kuwa ya zarce. Idan shirinka ya dogara da famfon unguwa ko 'yan garuwa, sake shiri.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da komai, dawaki huɗu suna sassarfa a fage ɗaya za su tayar da ƙurar da za ta sauka a kan shanyar matan maƙwabta da kwanukan abincinsu. Maganinta yashi mai ɗan kauri maimakon jar ƙasa mai laushi, da yayyafa ruwa kafin kowane darasi, da jerin itatuwa a jikin katanga. Darbejiya tana da saurin girma, ba ta kuma son ruwa da yawa. Hayaniya kuwa mafi yawanta ba daga doki take zuwa ba, sai dai in ka haɗa ingarmu da goɗiya a wuri ɗaya, wanda makarantar yara ba ta da dalilin yi. Daga janareta take zuwa, da lasifika, da ihun 'yan kallo.

Nemi likitan dabbobi mai rajista tun kafin a zana gini, ba bayan doki ya kwanta ba. Shi zai rubuta maka tsarin rigakafi, da yadda za a killace sabon doki kafin a haɗa shi da sauran, da abin da za a yi da gawa idan ɗaya ya mutu, tambayar da ba wanda yake son yi amma jami'in lafiya zai yi ta. Waɗanda suka ga annobar murar dawaki da ta ratsa Sakkwato da Jamhuriyar Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta kashe jakuna masu yawa, sun san saurin da cuta take bi cikin dabbobin da ke cuɗanya.

Maƙwabta kafin ofis

Maganar barga da maƙwabci ba masu tsara birane na zamani suka fara ta ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya na ƙarni na 14 da malamanmu suke karantarwa a zaure har yau, an lissafa abubuwan da alƙali yake hana mutum ya ƙirƙira idan za su cutar da maƙwabcinsa, kamar hayaƙi da warin majema, kuma an ambaci barga a cikinsu. Masu sharhi sun bayyana dalili: fitsarin dabba yana lalata bango, motsinta da dare yana hana barci. Don haka idan dattijon layinku ya ce bai yarda ba, kada ka ɗauka hassada ce kawai. Yana da madogara a shari'a, yana da ita a dokar ƙasa.

Fara da mai unguwa. Je da kanka, ka je da zanen wurin ko da na hannu ne, ka faɗa masa gaskiyar adadin dawaki da ranakun aiki. Shi zai san wanda ya kamata a fara gani, shi kuma zai kai maganar gaban dagaci ko hakimi idan ta kai. Sa hannunsa ba izinin gwamnati ba ne, kada ka ruɗe, amma hukumar tsara gari idan ta zo duba wuri takan tambayi mutanen da ke kusa, kuma koke ɗaya mai sa hannun magidanta goma yana iya kwantar da fayil ɗinka shekara guda.

Daga nan sai gidajen da katangarsu ta haɗu da taka, da waɗanda ke fuskantar ƙofarka. Bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a yi taro, domin abin da mutum zai faɗa maka a zaurensa ba zai faɗa a gaban jama'a ba. Ka kuma tabbata maganar ta isa cikin gida. Maigida yana fita tun safe. Matan gida ne za su wuni da warin da ƙudan, su ne kuma masu 'ya'yan da za su riƙa leƙe a bakin ƙofa. Amincewar da ba ta haɗa da su ba, ba ta daɗewa.

Abin da za ka kai musu sharuɗɗa ne da ka ɗora wa kanka, ba roƙo ba. Dawaki ba za su wuce kaza ba. Darasi daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ba a yi bayan magariba. Ba kiɗa, ba taron biki. Motocin iyaye a cikin fili za su tsaya. Doki ba zai fita layi da ɗalibi a kansa ba. Ga lambar da za a kira idan an ga ba daidai ba. A rubuta, su sa hannu, mai unguwa ya shaida. Wasu sukan ƙara da rangwame ga yaran unguwa, kuma dabara ce mai kyau, amma kada a mayar da ita toshiyar baki. Wanda aka ba ɗansa darasi kyauta ba zai daina jin wari ba.

Sharaɗin nan na fita layi ya cancanci a tsaya a kansa. Rundunar 'yan sanda a Kano ta sha fitar da sanarwar hana kilisa a titunan birni saboda haɗurra da rigingimun da ke biyo bayanta, kuma da yawan mutane da sun ji an ce doki a unguwa abin da suke hangowa ke nan: samari suna sukuwa, yara suna tarwatsewa. Aikinka ne ka nuna cewa naka daban ne. Katanga mai tsayi, ƙofa biyu a jere yadda ko doki ya kuɓuce daga fage zai tarar da ta biyu a rufe, da ƙa'idar cewa ba a hawa sai a cikin fage.

Shiga ofis

Yanzu ne lokacin ƙwararru. Mai safiyo mai rajista zai fitar da taswirar filin. Mai zanen gini mai rajistar ARCON zai zana barga da sauran gine-gine, injiniya mai rajistar COREN ya sa hatimi a kan abin da ya shafi ƙarfin gini. Wanda mutane suke mantawa da shi, alhali a irin wannan buƙata ya fi kowa amfani, shi ne masanin tsara gari mai rajistar TOPREC. Shi zai rubuta rahoton da ke bayyana abin da ke kewaye da filin, da dalilin da ya sa canjin ba zai cutar da unguwa ba. Duk abin da aka faɗa a sama na taki da ruwa da ƙura da motoci, a cikin rahotonsa zai zauna. Dokar 1992 ta ambaci babban wurin shaƙatawa cikin ayyukan da ake buƙatar rahoton tasirinsu a kan muhalli, saboda haka tambayi hukumar jiharku tun farko ko girman naka ya shiga wannan rukunin.

Sauran takardun sanannu ne: kwafin satifiket, shaidar biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara, shaidar biyan haraji, rajistar kasuwanci, hotunan wurin. Haɗa da takardar maƙwabta da ta likitan dabbobi ko da ba a nema ba. Za a iya turo ka wurin hukumar kashe gobara, kuma da dalili, domin ɗakin da aka cika da busasshiyar harawa a jikin gidajen mutane abin tsoro ne. Raba shi da barga, raba shi da janareta.

Faɗi gaskiyar abin da za ka yi. Akwai masu ba da shawarar a rubuta gidan zama mai ɗakin ajiya, in an samu izini sai a zuba dawaki. Izinin da aka samu ta haka bai kare ka daga komai ba, domin abin da aka amince da shi daban, abin da ke ƙasa daban. Haka nan duk kuɗin da za ka biya, biya a asusun gwamnati ka karɓi rasit. A bakin kowane ofishi irin wannan akwai masu cewa kawo a yi maka cikin sati ɗaya. Takardar da suke kawowa wani lokaci ba ta da fayil a ciki, ranar da rigima ta tashi kuma fayil ake nema.

Bayan ka miƙa, jami'ai za su zo duba wuri. Ka kasance a can, da mai zanenka, da turakun awo a kafe don su ga inda fage zai tsaya da inda barga za ta tsaya. Kada ka fara gini kafin amsa ta fito, ko da bulo ɗaya ne. Hukuma tana da ikon ba da takardar dakatar da aiki, ta bi da ta gargaɗi, ta bi da ta rushewa, kuma wanda ya fara gini ba izini ya raunana hujjarsa da hannunsa.

Idan amsa ta fito

Izini yakan zo da sharuɗɗa. Karanta su kamar yadda ka karanta satifiket, domin saɓa musu yana iya jawo a janye shi. A ƙarƙashin dokar 1992 izinin gini shekara biyu yake yi. Wanda bai fara aiki a cikinsu ba sai ya sabunta. Duba ko haka abin yake a jiharku. Canjin manufa kuma yakan ƙara kuɗin ƙasa da kake biya duk shekara, tunda filin kasuwanci ya fi na zama tsada. Akwai kuma rajistar wurin kasuwanci, da izinin kafa allo, da ziyarar duba-gari lokaci zuwa lokaci.

Takardar hukuma ba ta rufe bakin maƙwabci ba. Idan wari ko ƙuda suka dame shi yana da damar zuwa kotu ko da izininka yana rataye a bango. Izinin cewa ya yi kana iya yin sana'ar a nan. Bai ce kana iya cutar da kowa ba.

Akwai abubuwan da mai yiwuwa ba wanda zai tilasta maka, amma ka tilasta wa kanka. A Ingila, inda ake ba makarantun hawa lasisi tun dokar 1964, sai likitan dabbobi ya duba dawakin, sai an nuna inshorar da za ta biya wanda ya ji rauni, kuma ba a ɗora ɗalibi a kan dokin da bai kai shekara uku ba, ko goɗiya mai tsohon ciki. Ba sai an rubuta mana haka a doka ba kafin mu ga hikimarsa. Hular kwano ga kowane ɗalibi, takardar amincewar uba ko mariƙi, akwatin taimakon gaggawa, sanin asibiti mafi kusa, da malama mace ga 'yan mata idan iyaye sun fi son haka. Yaro ɗaya ya faɗo ya bugu a ka, duk takardun da ka tara ba za su hana a rufe wurin ba.

Idan kuma an hana ka, nemi dalilin a rubuce. Wani dalilin mai gyaruwa ne: rage dawaki, matsar da barga, ƙara wurin mota, sai a sake miƙawa. Inda kake ganin an zalunce ka akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Abuja tana da kotun musamman ta sha'anin tsara gari, a jihohi kuma lauya zai nuna maka ƙofar da za ka bi. Amma idan dalilin shi ne fili ya yi kaɗan ko unguwar ta cika, kada ka ɓata kuɗinka a shari'a. Fita gefen gari inda ƙasa take da araha, harawa take kusa, mai lambu yake jiran takinka. Sai dai ko a can kada ka ce daji ne ba ruwan kowa. Unguwannin Kano da yawa da suke cike da gidaje yau gonaki ne shekara talatin da suka wuce, kuma gari zai iso ka. Sayi fili fiye da buƙatarka ta yau, ka bar tazara ta kowane gefe, ka tabbata tun ranar farko an rubuta ainihin sana'arka a jikin satifiket.